Zuwa ga Gwaggo a Kano: jinin cibiya da gidauniyar mutanen Abuja

Gwaggo, ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida mutanen gida. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Saƙonki ya iso, kuma tun da ba ke kaɗai kike yi mana wannan tambaya ba, na ga gara in amsa a inda wasu ma za su karanta. Kin ce wai mu Hausawan Abuja mun daina binne mabiyiya, muna bari asibiti su zuƙe jinin cibiyar jariri su kai banki. Kin kuma ce kullum sai an turo miki hoton yaro a WhatsApp ana neman miliyoyi a kai shi Indiya, kina so ki san gaskiyar lamarin.

Mabiyiya dai muna binne ta har gobe. Wurin binnewar ne ya zama aiki. Yawancinmu a gidan haya muke, tsakar gida an malale ta da siminti ko an shimfiɗa tayil, ba inda za ka saka fartanya. Idan mace ta haihu, ma'aikaciyar jinya takan miƙa wa maigida mabiyiyar a leda, a wanke ta, a nemi gefen katanga inda ƙasa ta saura. Wanda bai samu ba ya kai filin wani ɗan'uwa a Kuje ko Gwagwalada. Guntun cibiyar da ke faɗuwa kafin suna ko bayansa kuwa, mata da yawa sukan ƙulle shi a ƙyalle su ajiye, sai an je gida da salla a binne shi a gidan kakanni, don yaro ya san yana da asali ko da a Kubwa ya buɗe ido.

Jinin cibiya maganarsa daban. Kin karɓi haihuwa ta fi a ƙirga, kin fi ni sanin cewa bayan an ɗaure cibiya an yanke, akwai jinin da ke saura a cikin igiyar da mabiyiya, wanda da kyar ya cika kofin shayi. Jariri ya riga ya rabu da shi, ɗibarsa ba ta taɓa uwa ba ta taɓa ɗa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta na asali, irin waɗanda ke zaune a ɓargo suna haifar da jini. Kamar iri suke: idan aka share ɓargon mara lafiya da magani aka zuba su, sai su kama, su fara fitar da sabon jini. A 1988 aka fara tabbatar da haka a Paris, inda likita Eliane Gluckman ta yi wa wani yaro ɗan shekara biyar dashe da jinin cibiyar ƙanwarsa, ya kuwa warke daga wata cutar ɓargo ta gado. Daga nan aka fara buɗe bankunan da ke daskarar da jinin a sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, yana yin shekaru a ajiye bai lalace ba. Bayan an ɗebe shi ana iya karɓar mabiyiya a binne kamar kullum.

Masu ajiye shi a cikinmu 'yan tsiraru ne, galibi waɗanda ke fita haihuwa Amurka ko Ingila, inda ake miƙa wa mai ciki takarda ta zaɓa. Banki iri biyu ne. Akwai na jama'a, inda uwa ke bayarwa kyauta, duk wanda ya dace da shi a duniya a ba shi. Akwai na 'yan kasuwa, inda za ka biya kuɗin ɗiba, ka riƙa biyan kuɗin ajiya duk shekara da sunan tanadi ga ɗanka. Wannan na biyun ina jan kunnen ƙawayena a kansa. Yaron da aka haifa da sikila, jinin cibiyarsa ma sikila ne, mayar masa da shi ba zai warkar da shi ba. Faransa da Italiya ba su yarda a buɗe irin wannan kasuwa a ƙasarsu ba. Inda ajiyar iyali ke da amfani sosai shi ne a ce akwai yaro mai ciwo a gida, sai uwa ta sake samun ciki, a ɗebi na ƙanin a gwada ko zai dace da wansa.

Sikila ce ta jawo mu cikin wannan magana gaba ɗaya. Ƙiyasin da aka daɗe ana amfani da shi ya ce ana haifar yara kusan 150,000 da ita duk shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato gadon sikila daga ɓangare ɗaya na iyayensa wanda zai iya gadar wa 'ya'yansa, bai sani ba ko ya sani. Dashen ɓargo yana warkar da ita. Idan yaro ƙarami ne kuma aka samu wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da jininsu ya dace, fiye da tara cikin goma suna rabuwa da ciwon. Amma kowane ɗan'uwa damarsa ta dacewa ɗaya ce cikin huɗu, kuma aikin yana da haɗari: yaro yakan yi makonni a killace ba shi da garkuwar jiki, sabon ɓargon yana iya juyowa ya yaƙi jikinsa, maganin share ɓargo yana iya hana haihuwa nan gaba. Akwai iyalan da suka sayar da gida suka dawo da gawa. Duk wanda ya ɓoye wa iyaye wannan ya cuce su.

Shi ya sa muka fi ƙarfi a kan gwaji kafin aure. A nan maƙwabcinka Bagware ne, na gaba Inyamuri, na bayanka Bayarabe, kuma coci-coci da yawa sun daɗe ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar asibiti. Mun gani, mun ga amfaninsa, limamanmu da dama suka fara tambayar takarda kafin fatiha. A da idan muka zo gida biki muka ɗauko zancen, sai a ce 'yan Abuja sun zo da iyayi, ko a ce muna ja da ƙaddara. To ga shi a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin a Kano. Roƙona a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, tun soyayya ba ta yi jijiya ba, don raba AS da AS bayan an sa rana abu ne mai ciwo ga kowa.

Hotunan da kike gani na gidauniya, wasu gaskiya ne, wasu na macuta. Baƙo a garin da ba nasa ba ba shi da dangin da za su taru a zaure su yi masa karo-karo, sai muka mayar da masallacin unguwa, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, da abokan aiki su zama dangin. A wadda nake ciki ba a buɗe gidauniya sai an ga wasiƙar likitan jini daga asibitin koyarwa, da sakamakon gwajin da ya nuna akwai mai bayarwa da ya dace. Kuɗi ba ya shiga aljihun uba ko na dillali, asusun asibitin ake turawa, kuma ana karanta lissafi a bainar jama'a. Idan saƙo ya zo miki babu sunan likita babu na asibiti, sai lambar asusu da hoton yaro yana kuka, kada ki tura wa kowa.

Duk da haka, Gwaggo, raina yana ɓaci duk ranar da muka rufe gidauniya. Muna tara wa yaro ɗaya, wanda ubansa ya san mutane, sauran kuwa suna kwance a Nyanya da Mararaba ba mai jin labarinsu. Aiki ne na gwamnati. A Amurka, inda komai na lafiya kuɗi ne, a 2005 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta sa gwamnatin tarayya ta riƙa biyan bankunan jama'a kuɗi don a tara jinin cibiya 150,000 masu inganci, ta kuma ɗauki nauyin rajistar masu ba da ɓargo. Majalisarsu ta sabunta dokar a 2010 da 2015 da 2021, kuma hukumarsu ta abinci da magunguna ce ke ba bankunan lasisi kamar yadda take yi wa magani. Dalilin shigar gwamnati a fili yake: yawancin abin da aka ajiye ba za a taɓa nemansa ba, sai an tara da yawa kafin mutum ɗaya ya dace, ɗan kasuwa kuwa ba zai jure wannan jira ba. Sannan dacewar tana bin asali. Baƙar fata ya fi kowa wahalar samun wanda ya dace da shi a rajistocin Turai da Amurka, saboda mu 'yan kaɗan ne a ciki. Idan ba mu tara namu ba, babu mai tara mana.

Ba a ce ba a yi komai a nan ba. A 2011 Dakta Nosakhare Bazuaye ya yi dashen farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, wa wani yaro mai sikila. A 2012 aka buɗe rajistar masu ba da ɓargo a Inugu. A 2024 asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya suka fara nasu dashen. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jikin mutum, a 2021 aka yi dokar hukumar jini ta ƙasa. Sai dai cibiyoyin dashen nan da rajistar duka a kudu suke. Kuma a nan Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, mu masu masaukin baƙi ba mu taɓa cikawa ba. Bankin jinin cibiya yana bukatar sanyin da ba ya yankewa ko na yini ɗaya, da ɗakin gwaji, da mai sa ido wanda ba a saye shi. A ganina a fara da abin da za a iya riƙewa: gwada kowane jariri tun yana ɗanye, kamar yadda cibiyar Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja ta nuna ana iya yi a wurin rigakafi, a sa maganin sikila a inshorar lafiya, sannan a buɗe ƙaramar ma'ajiya a manyan asibitocin koyarwa don ƙannen yara masu ciwo. Hukuma kuma ta tashi tsaye a kan masu yawo ofis-ofis da garin magani a 'yar leda suna cewa ƙwayoyin asali ne masu warkar da sikila da ciwon suga. Ƙwayar da ake dasawa ba a kaɗa ta a ruwa a sha.

Na san abin da ya fi damunki shi ne kada jinin jikanki ya faɗa hannun matsafa, ko a yi abin da addini ya hana. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, ta zauna a Makka a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin cibiya da mabiyiya don magani idan iyaye sun yarda. Tsoron ɓacewa kuwa yana da tushe, maganinsa rajista da lasisi da hukunci.

Matar Yaya da kika ce tana da ciki, tun da babban ɗansu yana fama, ki sa su je wurin likitan jini a Asibitin Malam Aminu Kano tun watan haihuwa bai kama ba, su tambayi yadda za a gwada sauran yaran a ga ko akwai wanda ya dace da shi. Idan an ba su takarda, su ɗauki hotonta su turo mini, zan kai wa kwamitinmu ranar Juma'a. A gaida Baffa.