Tambayoyinku: Tabarau mai kyamara da wankin gyambo

Likita, ni nas ce a wani ƙaramin asibiti a Ɗorayi. Na ga bidiyon wata nas tana wankin ciwo sanye da tabarau, wai likita ne daga nesa yake nuna mata yadda za ta yi. Da gaske ne?

Da gaske ne, Malama. Tabarau ne mai kyamara da ɗan allo a jikin gilashinsa. Duk abin da kika kalla, ƙwararren da ke nesa yana ganinsa a kwamfutarsa ta intanet, yana yi miki magana a kunne. A wasu nau'o'in har yana iya zana kibiya ta bayyana miki daidai kan ciwon: ga mataccen nama, cire shi, nan kuwa kada ki taɓa. Abin da ya fi burge ni shi ne hannuwanki suna cikin safa, suna kan aiki, babu riƙon waya.

Google ya fito da irin wannan tabarau mai suna Glass a 2013, Microsoft ya biyo da nasa, HoloLens, a 2016. A 2020, lokacin korona, wasu asibitocin Landan sun yi aiki da HoloLens: likita ɗaya ya shiga ɗakin masu cutar, sauran suna kallo daga waje. Sai dai Google ya daina sayar da nasa a 2023. Ina fatan ranar da nas irinki za ta samu idon ƙwararre daga Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano ba sai an wahalar da tsoho a Adaidaita Sahu ba. Amma kayan na da tsada, kuma suna son wuta da intanet mai ƙarfi.

Mahaifina yana da ciwon suga, gyambo ya fito masa a ƙafa, ya ƙi warkewa. Tunda ana duba ciwo daga nesa, in tura hoto ta WhatsApp mana? Daga Fagge.

A'a ɗan'uwa, don Allah ka kai Baba asibiti yau. Kyamara ba ta jin wari, ba ta jin ɗumin fata, ba ta taɓa jijiya ta ji ko jini na isa ƙafar. Ko da tabarau ɗin ma, sai da nas a gefen gado wadda za ta auna zurfin gyambon. Suga yana kashe jijiyoyin ji, shi ya sa Baba zai ce ba ya jin zafi alhali ciwon na cin ciki, wani lokaci har ƙashi. Kafin ku tafi, a rufe da bandeji mai tsabta, ya daina taka ƙafar. Kada a zuba toka, man goge baki ko garin magani. Idan akwai zazzaɓi, mugunya mai wari, ko yatsa ya fara baƙi, ko daren nan ne ku tafi.

Ciwona a wuri ne na sirri. In aka zo da wannan kyamara, wa zai gan ni? Daga Gwale.

Hajiya, babu mai ikon ɗaukar hoton jikinki sai da yardarki. Ki tambayi wanda ke kallo, da ko za a adana bidiyon. Kina iya neman mace ta duba ki, ko ki ce a kashe kyamarar, kuma dole a ci gaba da yi miki wankin. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu.