Me ya sa GRA ke da kwalbati da bishiyoyi, mu cikin gari sai kwata?

Tambaya: Salam Malam. Ni a Ƙofar Guga nake nan Katsina, duk damina ruwa har ɗaka yake shigo mana, lungunmu ko Keke Napep ba ta shiga, amma ka leƙa GRA titi fetal ga darbejiya jere ga kwalbati. Wai haka abin ya zo ne ko tsarawa aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsarawa aka yi, da gangan ma kuwa. Asalin GRA unguwar Turawa ce, dokar garuruwa ta 1917 zamanin Gwamna Lugga ta ware musu mazauni daban, har da ƙa'idar barin fili yadi 440 ba gini tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai gudun sauro. Can aka kai manyan fulotai da titi, cikin ganuwa aka bar wa En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. Suka tafi a 1960, manyan ma'aikata suka tare, tsarin bai motsa ba.

Amma fa kar ka raina lungun nan, magina na da ba jahilai ba ne. Ƙuncinsa ke ba da inuwa da bazara, katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyi, ga zaure da baƙo zai kwana ba wanda ya tambaye shi ko sisi. Abin da ya faru jama'a sun ninka, gida ɗaya an raba gado an yanka shi huɗu, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini waɗanda da su ke shanye ruwan sama an cike su da shara an ɗora gini, to ina ruwan zai nufa in ba ɗakinka ba?

Ni abin da ya fi ci min rai diyya ce. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filin birni hannun gwamna, in za a faɗaɗa titi ginin ake biya ba filin ba, gidan ƙasa kuwa nawa za a yi masa kuɗi? Sai ka ga dattijo ya koma bayan gari, nesa da kasuwa da dangi.

Ku dai haɗu da mai unguwa ku rubuta takarda, ku haɗa da hotunan ambaliyar ku kai wa kansila da hukumar tsara birane tun kafin a rufe kasafin kuɗi, kuma ku riƙe kwafi.