Tambaya da Amsa: Fiyanon Makaɗi, Saye da Haɗawa da Musaya

Assalamu alaikum jama'a. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk kan fiyano ne, daga masu bin mawaƙa wajen biki da majalisi har masu bugawa a coci, toh na tsamo waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani kowa.

Tambaya daga wani matashi a Zariya: Malam barka da aiki. Ni ina bin wani mawaƙi ne wajen bukukuwa, kuma har yanzu fiyanon haya nake bugawa, rabin abinda na samu mai fiyano ne yake cinyewa. Yanzu na ɗan tara kuɗi, wasu sunce in sayi Yamaha PSR-E473 sabo a kwali, wasu kuma sunce gara PSR-S670 na hannu ko in ƙara haƙuri in kai ga SX600. Dan Allah wanne zan ɗauka?

Amsa: Ƙanena Allah ya sa albarka a neman. Tunda kace aikin biki kake yi ba koyo a ɗaki ba, ni S670 ko SX600 zan ce maka, kuma dalilina ɗaya ne babba, wato abinda za ka iya zuba wa fiyanon a ciki. Jerin E an yi shi ne musamman don masu koyo da ƙaramin aiki, E473 ɗin yana da daɗin sauti ba laifi, har batiri shida yana ɗauka, amma ba ya karɓar fakitin sautuka irin wanda ake haɗawa a kwamfuta da manhajar Yamaha Expansion Manager, kuma sitayil, wato kiɗan rakiya da fiyano yake bugawa da kansa, wanda za ka iya ƙara masa kaɗan ne. Kai kuwa abincinka yana cikin kalangu da ganga da kotso da sarewa, waɗanda Yamaha ba ta sako maka su daga Japan yadda kunnen Bahaushe yake so ba, dole sai an zuba. S670 ya fito a 2015, wurin zuba sautinsa MB 32 ne kawai, ɗan ƙarami ne amma in an zaɓi sautuka da hankali yana isa a yi biki. SX600 kuma na 2020 ne, yana da MB 100, ga wurin jona makirfo wanda S670 ba shi da shi. Dukansu biyun suna iya fitar da sauti 128 a lokaci guda, E473 kuma 64, kaga in sitayil yana gudu ka ɗora hannu biyu ka haɗa sauti kan sauti, ƙaramin ne zai fara yanke maka wasu.

Sai maganar nauyi, wadda mutane ba sa tunawa sai ranar da za a hau adaidaita. S670 da SX600 wajen kilo 8 ne, manyan irin SX900 sun haura kilo 11 kafin ka sa jaka da ƙafa. Kuma in za ka tambaye ni Korg fa, Korg Pa600 da Pa700 injina ne masu kyau sosai, Larabawa da Turkawa suna ji da su, sai dai sitayil ɗinsu ba ya shiga Yamaha kai tsaye na Yamaha ma ba ya shiga nasu, kuma tun ƙarshen shekarun 1990 da kiɗan finafinan Kano ya tashi a kan PSR, yawancin abokan sana'arka da masu gyara Yamaha suka sani. Kar ka kashe duk kuɗin a kan fiyanon, ka rage na jaka mai soso da ƙafa mai ƙwari da abin kare wuta.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Kafanchan: Ina gaisuwa. Ni nake buga wa ƙungiyar mawaƙan cocinmu, an haɗa kuɗi an ce in je in duba wani fiyano tokumbo, wato na hannu daga ƙasar waje, da aka kawo, ina tsoro kar in sayo matsala da kuɗin jama'a. Me zan duba?

Amsa: 'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, kuma tsoron nan naki daidai ne. Abu na farko kar ki yarda a gwada miki, ke za ki gwada da hannunki, domin mai sayarwa ya san inda zai taɓa da inda zai tsallake. Ki sa sautin fiyano zalla ba tare da sitayil ba, ki bi maɓallan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, farare da baƙaƙe, kowanne ki taɓa shi a hankali sannan ki buga shi da ƙarfi. A ƙarƙashinsu akwai wata roba mai ɗigon baƙin gawayi, ita ce take gane ƙarfin bugu, in ta gaji ko ƙura ta shiga sai kiji maɓalli ɗaya yana ihu ko da shafa shi kika yi, wani kuma ya yi shiru gaba ɗaya. Wannan yana gyaruwa, ana canza robar, amma a rage miki kuɗin gyaran daga farashi. Wanda ba na so ki kusanta shine mai sikirin da layi ya ratsa ko ya dushe, da mai kashe kansa, da wanda yake daɗewa a kan tambarin Yamaha kafin ya buɗe.

Ki tafi da filashinki ki soka ki ga yana karantawa, ki tafi da wayar jak ki gwada ramukan baya duka kina ɗan girgiza wayar ki ji ko zai yi ƙarar tsartsatsi, ki murza abin ƙara sauti daga ƙasa har sama, ki danna kowane botin musamman Start/Stop da na Intro da Ending da na Registration, wato na adana saiti, tunda su suka fi shan wahala. Ki bar shi a kunne kamar rabin awa sitayil yana gudu kuna hira, wata cutar sai inji ya ɗumama take fitowa. Ki juya shi ki kalli kusoshin ƙasa, in kawunansu sun cinye an sha buɗe shi kenan, ba haramun bane amma a faɗa miki me aka gyara. Sannan lambar da take jikin takardar da aka manna a ƙasansa, a rubuta ta a rasit da sunan mai shago, saboda ana sace fiyano a coci da situdiyo ana kawowa kasuwa, wanda aka kankare masa lamba ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa.

Tambaya daga wani makaɗi a Gombe: Malam adaftata ta ƙone sau biyu a wajen dina, duk a kan janareta. Wani yace in sa cajar laftof tunda bakinsu ɗaya.

Amsa: A'a ɗan'uwa, kar ka soma. Jerin S da SX suna cin 16V ne da adaftar PA-300C, cajar laftof yawanci 19V ce ko sama, shigar baki ba shine dacewa ba, yau adafta kake saya gobe allon cikin fiyanon ne zai tafi kuma wannan kuɗinsa ba wasa bane. Ƙananan jerin E su 12V suke ci, su ma kar a haɗa musu ta manya. In tokumbo ne daga Amurka ka karanta jikin adaftar, in 120V kawai aka rubuta wutarmu ta 230V za ta cinye ta nan take, wadda aka rubuta 100 zuwa 240 ita ce ba matsala.

Yawancin ɓarnar janareta lokacin tayarwa ne da lokacin da mai yake ƙarewa yana shaƙewa, ko in an jona firiza da manyan amfilifaya a layi ɗaya da kai. Ka cire filoginka kafin a tayar, sai ya daidaita ka mayar, in kaji inji ya fara tari ka zare. Ƙaramin UPS irin na kwamfuta yana taimakawa ƙwarai tunda fiyano ba ya cin wuta da yawa, ko an ɗauke ba za ka mutu a tsakiyar waƙar amarya ba. Wajen kunnawa fiyano farko da sautinsa a ƙasa, sai mikisa, amfilifaya a ƙarshe, wajen kashewa kuma amfilifaya ce farko. Af, akwai wani saiti wai shi Auto Power Off, in an bar fiyano ba a taɓa ba yawanci minti 30 sai ya kashe kansa, a wajen biki kuwa ana iya yin awa ana jiran ango, duk abinda ka saita baka adana ba ya tafi, ka shiga ka kashe shi.

Tambaya daga wani a unguwar Fagge, Kano: Ranka ya daɗe, a ɗaki kiɗana yana daɗi amma a fili sai ya zama hayaniya, kuma kalangun da aka zuba min ba ya magana, kamar ana buga kwali.

Amsa: Yawwa, wannan ita ce tambayar da nafi so. Mu fara da hayaniyar. Ka daina ɗaukar sauti daga ramin abin kunne, ka yi amfani da na baya, in waya ɗaya za ka ja zuwa mikisa ka soka a wanda aka rubuta L/L+R, shi yake haɗa hagu da dama wuri guda, in ka soka a R kaɗai rabin kiɗanka ne yake fita. In mikisa tana nesa ka nemi ɗan akwatin nan DI, yana rage gurnanin da doguwar waya take kwasowa. Sannan amsa-kuwwar da kake zubawa a ɗaki ka rage ta sosai, zauren biki mai tayil da silin yana da tasa, in ka ƙara taka sai ganga da bes su cakuɗe mawaƙi ya rasa inda zai taka. Ka bar wa murya wuri, mutane waƙa suka zo ji da sunayensu da ake ambata.

Kuma dan Allah ka yi aikin Registration tun a gida. Botina takwas ne a jere, kowace waƙa ka adana mata sitayil da gudu da sauti da Transpose, wato ɗaga ko sauke sauti, yadda ya dace da muryar mawaƙinka, ka sa wa bankin, wato jerin takwas ɗin, suna, ba wai an gama waƙa kana ta lalube a sikirin jama'a sun tsaya da kuɗin liƙi a hannu suna kallonka ba.

Kalangu kuwa, ai dole ya ƙi magana. Makaɗin kalangu yana matse tsirkiya ne a hammata yana saki, fatar tana ɗaurewa tana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka yadda harshenmu yake hawa da sauka, shi yasa kake jin take ka gane abinda ake faɗa. Yawancin fakitin da suke yawo a filashi bugu ɗaya aka ɗauka aka shimfiɗa shi a kan maɓallai duka, in ka hau sama ya tsuke in ka sauko ya yi kauri kamar ba fata ba. Maganin shine a ɗauki bugu da yawa, na ƙasa da na tsakiya da na sama, mai ƙarfi da mai laushi, da wanda ake matsewa bayan an buga, kowanne a ba shi maɓallinsa. Ka nemi makaɗin kalangu na gaske ka kai shi situdiyo ka biya shi haƙƙinsa da kyau, domin hannunsa za ka riƙa ci da shi shekara da shekaru, kuma wallahi abin yana damuna yadda ake kwashe sautin mutanen nan a raba a waya su ko sisi. Bayan nan ka koyi wasa da ɗan gargaren Pitch Bend da hannun hagu, ka buga ka ɗan ja shi sama ka sake, nan ne maganar take fitowa. In kana haɗa sitayil a Style Creator kuma kar ka daidaita kowane bugu cif cif a kan layi, ka bar ɗan jinkirin hannun mutum, musamman a kiɗan da yake tafiya uku uku. In da hali ma ku tafi da mai kalangun wajen bikin, fiyano ya riƙe ƙasa shi ya yi magana a sama.

Tambaya daga wani a Jos: Ina so in ba da S670 ɗina in yi ciko in karɓi S975 ko SX700, musaya ta fi ko in sayar da kaina?

Amsa: In ba ka gaggawa sayarwa da kanka ta fi kawo kuɗi, mai shago dole ya taya ƙasa tunda shima riba zai nema, dillali kuma da la'adarsa. Amfanin musaya ɗaya ne, ba za ka zauna sati biyu ba fiyano aiki yana wuce ka. Farashi kuwa dala yake bi, ka tambayi na Alaba a Legas da na Sabon Gari a Kano a satin da za ka yi cinikin kafin ka sallama, kuma a ganina gab da Disamba ko bayan sallah lokacin da bukukuwa suke yawa mai sayarwa ya fi samun mai so. Tsakanin biyun, S975 na 2018 yana da MB 768 da abin yi wa mawaƙi amshi wato Vocal Harmony, SX700 na 2019 yana da MB 400 ba shi da wannan amma yana da sikirin na taɓawa kuma ya fi sabunta, in sautukan gida ne jarinka ni S975 mai lafiya zan ɗauka.

Kafin ka miƙa tsohon ka kwashe komai a filashi biyu, sitayil da Registration da fakiti, sannan ka goge naka a ciki sai dai in an saya har da su an biya. Ka sani fakitin da aka haɗa wa S670 ba zai hau sabon haka kawai ba, sai an fitar da bayanin sabon fiyanon an kai kwamfuta an sake haɗawa, wasu fakitin na saye ma a ɗaure suke da lambar inji ɗaya, don haka ka tabbata kana da asalin fayil ɗin a wajen wanda ya zuba maka.

Tambaya daga Maraɗi: Ina son buga kiɗa irin na Sudan, sai na sayi PSR-A5000?

Amsa: Ba dole bane malam. Jerin A an yi shi ne da botinan sauke sauti rubu'i don maƙami, wato tsarin hawa da saukar sauti na Larabawa da Turkawa, kiɗan Sudan da muka saba ji kuwa yawancinsa a kan sauti biyar yake tafiya kamar namu, kowane PSR zai buga shi. In kana raka masu ƙasida da suke bin maƙami irin na Masar ne toh A ɗin zai yi maka amfani, in ba haka ba ka riƙe kuɗinka ka zuba sitayil masu kyau a wanda kake da shi.