Kaya sun cinye mana ɗaki, na kasa rabuwa da ko cokali: ta ina zan fara?

Tambaya

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 14 a ɗakin miji, yarana huɗu, muna haya a ciki da falo. Kaya sun cinye mana wuri. Tangaran da kwallayen da aka yi min jere da su suna nan a kabet, ko sau ɗaya ban zuba abinci a ciki ba. Ƙarƙashin gado jakunkunan Ghana-must-go ne har shida, na anko da kayan da suka yi wa yara kaɗan. Bara Allah Ya yi wa mahaifiyata rasuwa, aka kawo min adakarta da kwanukanta, har yau ban iya buɗewa ba. Maigida ya fara cewa mun koma kwana a sito. Sau uku ina zazzage komai a tsakar ɗaki da niyyar ragewa, magariba na yi sai in mayar da su yadda suke. Wata ƙawata ta ce mu haɗu mu biyar mu riƙa tunatar da juna ta waya, amma kunya nake ji a ga ɗakina. Ta ina zan fara?

Daga wata 'yar'uwa a Kano

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa ta huta, Ya ba ku haƙurin rashi.

Na yi shekaru ina aikin duba-gari, na shiga ɗakunan mata da ba zan iya ƙirgawa ba, kuma ina tabbatar miki ba ƙazanta ce ke damunki ba. Ƙazama ba ta zazzage kaya har sau uku. Abin da ya sa kike mayar da su shi ne kowane abu a ɗakin nan da mutum a bayansa. Wannan kwalla goggonki ce ta saya, wancan leshin na lefe ne, wannan rigar a jikin ɗanki na fari kika fara ganinta ranar suna. In kika ɗaga abu don ki fitar, sai ki ji kamar mai shi kike kora daga gidanki.

Ki tuna ranar da aka yi miki jere. Ke kaɗai kika yi? Ƙannen mahaifiyarki da yayyenki da maƙwabta ne suka wuni suna gogewa, suna ɗorawa, suna saukewa, ana raha. Ɗakin da hannu goma suka cika, don me za ki ce hannunki biyu ne za su rage shi a wuni ɗaya? Shawarar ƙawarki tana kan hanya, aikin gayya ne irin na da ya dawo ta waya. Amma zan zo kanta, don akwai abin da ya riga ta.

Abu na farko shi ne adakar Mama. Kafin ki taɓa ko ɗankwali a ciki, ki tabbatar: an raba gado aka ba ki wannan a matsayin rabonki, ko kuwa ajiya aka kawo miki don ke ce babba ko ke ce kusa? In ba a raba ba, ba naki ba ne ke kaɗai. Haƙƙin magada ne duka, har da ƙaninki da ke wani gari, har da mahaifinku in yana raye. Ba ki da ikon yin sadaka da shi ko da ladan Mama kike nufi, sai kowa ya yarda. Na ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun yi shekaru ba sa ga maciji saboda zannuwa biyar da ɗaya ta kyautar da kyakkyawar niyya. Ku kira malamin da ya san rabon gado, a buɗe adakar a gaban kowa. In kuma an riga an raba, naki ne, to ki bar ta ta zama ta ƙarshe a aikin nan. Rasuwar bara ɗanya ce, kada ki fara da wurin da ya fi ciwo.

Haka kayan maigida. Tsohuwar rediyo, wayoyin caji da suka mutu, takardun da ya cusa a saman sif, ki tara masa su wuri ɗaya ya duba da kansa. Kayan ɗakinki kuma naki ne, ƙorafinsa ba ya nufin ya sami ikon kwashe su. In ya ga ɗakin ya fara numfashi, sau da yawa da kansa zai ce a kira mai gwangwan.

Sai maganar zazzagewa. Ki daina. Mai yara huɗu da girki da wanki ba ta da wunin da za ta gama da kayan shekara 14, shi ya sa magariba ke riskarki a tsakiyar tuli, ga gajiya ga yara na neman wurin kwanciya. Jaka ɗaya za ki jawo, bayan yara sun tafi makaranta, ki ba ta rabin awa zuwa awa ɗaya. Ki fara da abin da babu zuciya a cikinsa: robobin rabon biki da suka tsage, murafen da tukwanensu suka ɓata, takalmi wari ɗaya, gwangwanayen madara, ledoji, kwalaben turare da suka ƙare. Abin da kika ware kuma ya bar gidan a ranar. In ya kwana a bakin ƙofa, gobe wani yaro zai jawo, jibi ya koma ƙarƙashin gado.

Na san za ki ce ajiya maganin wata rana. Gaskiya ne, kuma iyayenmu ba wauta suka yi ba da suka jera kwalla da tasa har rufin ɗaki. A zamanin da mace ba ta da asusun banki, jerenta shi ne bankinta. In rashin lafiya ta zo ko bikin 'ya ya matso, sai ta sauke saiti ɗaya ta ba dillaliya. Amma ajiya ana kiranta ajiya ne in tana riƙe darajarta. Atamfar da ta shekara takwas a ninke cikin jakar leda, damina ta sa mata fumfuna, linkin ya ƙoɗe, gara ta huda ta, wace rana za ta yi wa magani? Don haka ki tambayi kowane abu: in na buƙace ka, zan tuna kana nan, kuma zan same ka da amfani? Kwalla mai kyau da ba ta ɓantare ba ta ci wannan jarrabawar. Ki zaɓi saiti ɗaya ko biyu da kike so, sauran ki ba dillaliya, ku yanke farashi da la'adarta tun kafin kayan su fita. Kada ki bari a auna miki tsohuwar kwalla ko tasa a sikeli kamar ruɓaɓɓen ƙarfe. Tangaran kuwa ki sauke, ki zuba wa maigida da yara abinci a ciki. Baƙon da kike jira shekara 14 ga shi nan a gidanki kullum.

Yanzu bari in yi magana da bakin aikina, don a nan ne hankalina ya fi tashi. Ƙarƙashin gadon da ba a share ba tsawon watanni gidan ɓera ne da kyankyaso da kuɗin cizo, wani lokaci har kunama. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a abinci da kwanuka, kuma ya fi tashi da rani. In kika jawo jaka kika ga kashin ɓera, kada ki share shi a bushe ƙura ta tashi. Ki rufe hanci, ki sa safar hannu ko leda, ki yayyafa ruwan da aka sa bilic, ki bar shi ya jiƙa sannan ki kwashe. Kwanukan da suka daɗe a ajiye, har da na Mama, a wanke su da sabulu sosai kafin a ci a ciki. Tufafin da aka rataya jibge a bango kuma maɓoyar sauro ce da rana.

Akwai wani abu da mata da yawa ba su sani ba. Kafur ɗin da muke jefawa cikin akwati don korar ƙwari yana iya cutar da jariri. Wasu jarirai ana haifarsu da wani rauni a jini wanda in suka shaƙi kafur ko ya taɓa fatarsu, jinin ya riƙa fashewa, shawara mai tsanani ta kama su. In za ki ba mai jego kayan jariran da kika ajiye da kafur, ki wanke su fes, ki shanya su a rana har warin ya fita gaba ɗaya. Magungunan da suka rage daga ciwon bara, musamman na ruwa da aka buɗe, ba abin kyauta ba ne kuma ba abin ajiya ba ne. Ki tattara ki kai wa mai kemis ko asibitin unguwa su faɗa miki yadda za a zubar, kada yara su tsinta a bola.

Takardu kuma ki bi su a hankali. Takardar haihuwa, katin rigakafin yara, sakamakon jarrabawa, rasit ɗin haya, duk su shiga jaka ɗaya da ruwa ba ya ratsawa. Waɗanda ke ɗauke da ayoyi ko sunan Allah, tsofaffin littattafan Islamiyya da suka yayyage, ba a haɗa su da shara. A ƙona su a wuri mai tsabta ko a binne.

Kayan yara da anko su ne za su fi ba ki fili. In kina sa ran ƙani zai gaji na wa, ki bar kaɗan masu kyau, jaka ɗaya ta isa. Sauran akwai masu jiransu: almajiran da ke zuwa ƙofarki, gidan marayu, maƙwabciyar da ba za ta buɗe baki ta roƙa ba. Rigunan sanyi su fita kafin hunturu ya kankama, na ado kafin sallah, lokacin da za su yi wa mai karɓa rana. Amma ki tuna gargaɗin da ke cikin suratul Baƙara, aya ta 267, cewa kada mu nufi mummuna mu bayar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Wanda ya yage ya zama tsumman goge-goge. Wanda za a bayar a wanke shi, a ninke.

To, ga maganar ƙawayenki. Ki amince, amma da sharaɗi. Ku biyar kun isa, kada ku ƙara. Ki dubi waɗanda za ki shiga da su: ban da wadda duk abin da ta gani za ta ce "kai, wannan ai da kyau, ajiye abinki", ban da wadda idonta ke kan leshinki, ban da mai kai labari gidan biki. Kunyar da kike ji kuma tana da magani mai sauƙi, wato babu dole ki nuna ɗakinki. Ni ma ba na son mace ta riƙa tura hoton uwar ɗakinta ko sarƙoƙinta, don hoto in ya bar wayarki ba ki san inda zai tsaya ba. Ki ɗauki hoton jakar da ta fita kawai. Da safe kowa ta faɗi abu ɗaya da za ta taɓa yau, da yamma ta ce ta yi ko ba ta yi ba, ba gori ba wa'azi. Amfanin abin shi ne kin yi wa wani alkawari, kuma lokacin da kika riƙe rigar sunan ɗanki hawaye ya zo, akwai wadda za ki kira ta ce miki "bar wannan ɗaya, fitar da sauran tara".

Abu biyu ne ke kashe irin wannan haɗuwa. Ɗaya, ta koma musaya, kayan gidanki su koma gidan ƙawarki, nata su dawo naki, babu abin da ya ragu. Biyu, wata ta fara tallan atamfa da kuloli a ciki. Ku hana duka tun ranar farko. Ku kuma yi wa juna alkawari kan anko: ba kowane biki ne sai an yi ba, in an yi sabo, tsoho ɗaya ya fita. Tunda a Kano ana tsaftar muhalli ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ku mai da ita wa'adinku, duk abin da aka ware a watan ya bar gida kafin ranar ta wuce. Sau ɗaya a wata kuma, in maigida ya amince, ku haɗu a gidan ɗaya daga cikinku ku kama mata babban aiki, irin ɗaga gado ko sauke kabet.

Akwai matakin da abin ya wuce ƙarfin ƙawaye. In mutum ya kai ga tara abin da kowa ya san shara ne, ya toshe gado da hanyar wucewa, kuma in aka taɓa ko leda ɗaya hankalinsa ya tashi ƙwarai, likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan a matsayin lalura mai zaman kanta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtuka. Irin wannan ba a kwashe masa kaya a bayan idonsa, don abin ƙaruwa yake yi, likita ake kai shi. Daga bayaninki ban ga alamar haka ba. Amma in rasuwar Mama ta hana ki barci da cin abinci har yanzu, ki faɗa wa likita, kada ki bar shi a ciki.

Ranar da kika ji kin shirya buɗe adakar, kada ki buɗe ke kaɗai. Ki kira ƙanwarki ko goggonki ku zauna bayan la'asar. Ki zaɓi abu biyu ko uku da in kin gani kike ganinta, mayafin da take sallah da shi, ko kwanon da take zuba wa baƙi fura, ki sa su inda hannunki zai riƙa kaiwa. Sauran, in kun yarda, ku ba tsofaffin ƙawayenta da mabuƙata, ku roƙi Allah Ya kai ladan kabarinta. Gobe da safe dai, jaka ɗaya daga cikin shidan nan za ki jawo, wadda ta fi kusa da bakin gado.