Amsa ga Hajiya kan mata masu saƙa

Wa'alaikumussalam Hajiya. Kin ce akwai mata 'yan gudun hijira a wajenku a Agege da suka iya saƙa, kina tambaya ko ki raba musu kuɗi su ja jari. Don Allah kar ki fara da kuɗi a hannu, mu mun gwada mun ga yadda ta kaya.

Waɗanda muka yi aiki da su a Idi Araba yawanci 'yan Bama ne da Gwoza, tun 2014 da Boko Haram ta ci garuruwansu suke yawo har suka iso Legas. Sana'a kam a hannunsu take, faifai, mafici, tabarmar kaba, ga masu ɗinkin hula, ba mai koya musu komai. Da farko mun haɗa kuɗi mun ba kowacce, kafin wata ya mutu mai gida ya zo karɓar haya, yaro ba lafiya, ga abin da za a ɗora a tukunya, shikenan jari ya tafi. Kuma wallahi ban ga laifinsu ba, wace uwa ce za ta riƙe kuɗin zare ɗanta na kukan yunwa?

Sai muka canza. Mu ke saro zare a kasuwar Balogun, kaba kuma muna roƙon direbobin da ke kawo kaya kasuwar Mile 12 daga Arewa su taho mana da ita, a ba mace kayan aiki, in an sayar a cire kuɗin kaya ta ɗauki ribarta. Amma ki kula da damshin Legas, kaba in ta kwana biyu a ƙasa funfuna take, mun yi asara sosai a damina.

Babbar matsalar kasuwa ce da farashi. Mace ta yi sati biyu a kan hula, wani ya saya a wulaƙance saboda ya san tana cikin buƙata. Ki zauna da su ku lissafa zare da kwanaki kafin a sa kuɗi. Mafici da ƙananan faifai suna tafiya a bikin Yarabawa wajen rabon kaya, haka kasuwar Jakande a Lekki, ga status na WhatsApp.

Ki taimaka kowacce ta yi NIN ta buɗe akawun da sunanta, da yawa takardunsu sun ɓata a gudu. Ki fara da mata biyar tukuna, in sun tsaya da ƙafarsu sai a sa adashi.