Tambayi Likita: Mantuwar tsofaffi da abin da ɓerayen gwaji suka nuna

Tambaya: Likita, mahaifina shekararsa 78. Na saya masa sabuwar rediyo ya ƙi ko taɓa ta, kullum yana rungume da tsohuwarsa mai karyayyar eriya. Gigin tsufa ne ya fara kama shi?

Amsa: Ba lallai ba ne, 'yar'uwa. Ƙin sabon abu shi kaɗai ba ciwo ba ne, wataƙila Baba ya saba da kayansa ne kawai. Amma kin tuna mini da wani gwaji da masu bincike Ennaceur da Delacour suka fito da shi a 1988. Akan sa ɓera a akwati da abubuwa biyu iri ɗaya, ya shinshine su ya gaji. Bayan wani lokaci sai a canza ɗaya. Matashin ɓera kan nufi sabon, ya yi ta lalube shi da gashin baki. Wanda ya kai shekara biyu kuwa, a wurinsu tsoho ne tukuf, sau da yawa bai damu da bambancin ba. An daɗe ana zaton tsohon abin ya manta. A 2010 masu bincike a Jami'ar Arizona ta Amurka suka gano cewa sabon ne yake yi wa kallon sani.

Ki sa ido a kan Baba. In yana maimaita tambaya ɗaya sau biyar kafin azahar, ko ya ɓata a hanyar masallacin da ya shekara talatin yana bi, ko lissafin canji ya gagare shi, to a kai shi asibiti.

Tambaya: Mun hana kakarmu fita da aikin komai don ta huta. Daidai ne?

Amsa: Niyyarku mai kyau ce, ɗana, amma ban goyi bayanku ba. A 1947 Donald Hebb, wani masani ɗan Kanada, ya kai wasu ɓerayen gwaji gida, 'ya'yansa suka riƙa wasa da su (ban san me uwargida ta ce ba). Da aka gwada su wajen gano hanya, sai suka fi waɗanda aka bari a keji. Daga baya Marian Diamond ta Jami'ar Kaliforniya ta zuba ɓerayen da suka haura shekara biyu a babban keji mai abokan zama da kayan wasan da ake canzawa. Duk da tsufansu, ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya ƙara kauri. Ku bar Kaka ta tsinci shinkafa, ta je suna da biki, ta yi wa jikoki tatsuniya.

Tambaya: Na ga wani magani a intanet wai ya warkar da mantuwa a ɓeraye. In saya?

Amsa: Kar ka saya. Ɓera ba ya kamuwa da cutar mantuwa ta Alzheimer da kansa, sai an sauya masa ƙwayoyin halitta, kuma magunguna da yawa da suka yi aiki a jikinsa sun faɗi warwas da aka zo kan mutane. Kuɗin nan ka kai tsohon a auna masa hawan jini da suga, a duba kunnensa, don raunin ji ma yana ƙara haɗarin cutar mantuwa.