Amsa kan tikitin Kerberos da ke ƙarewa cikin dare

Ɗan'uwa, ka ce tun da kuka kunna Kerberos, tsarin tantancewa da ke ba mai shiga tikiti mai wa'adi, a rukunin kwamfutocinku na Hadoop, manhajar sarrafa tarin bayanai, kusan kowace asuba saƙon gargaɗi yana shigo maka cewa NameNode, sabar da ke kula da fayilolin Hadoop, ya faɗi, ka duba ka tarar lafiyarsa ƙalau, kuma kana tambaya ko ka tsawaita wa'adin tikitin. Shawarata ita ce ka bar wa'adin yadda yake, domin tikitin da aka sace yana aiki ne har wa'adinsa ya cika, kuma ko ka ƙara a krb5.conf (fayil ɗin saitin Kerberos), KDC, wato sabar da ke ba da tikiti, ba zai ba ka fiye da iyakar da aka sa masa ba.

Na yi fama da irin wannan a wani wurin aiki, inda Nagios, manhajar sa ido a kan sabobi, ya riƙa tashina da ƙarfe huɗu na asuba. Da na shiga asusun da ke gudanar da binciken na buga klist, umarnin da ke nuna tikiti, sai na ga wani abokin aiki ne yake yin kinit, umarnin karɓar tikiti, da hannu da ƙarfe shida na yamma kafin ya tashi, Active Directory kuwa, wanda shi ne KDC ɗinmu, awa 10 yake ba tikiti idan ba a sauya saitinsa ba. Da tikitin ya ƙare, sabar takan mayar da 401, lambar ƙin izinin shiga, manhajar sa ido kuma ta ɗauka sabar ce ta mutu.

Abin da ya warware mana shi ne ba manhajar sa ido asusun Kerberos nata na kanta, da keytab, wato fayil ɗin makullin asusun, wanda ita kaɗai ke iya karantawa, sannan cron, mai gudanar da umarni a kan jadawali, ya riƙa yin kinit -kt, wato karɓar tikiti da keytab, duk bayan awa huɗu. Manhajar k5start ma tana wannan aikin. Ka kuma ware mata ma'ajiyar tikiti ta hanyar saitin KRB5CCNAME, don kada wani ya buga umarnin kdestroy ya share mata nata. Kada ka dogara da kinit -R, mai sabunta tikiti, kaɗai, saboda sabuntawar tana tsayawa bayan kwana 7 a yawancin saiti, kuma ba ta farfaɗo da tikitin da ya riga ya ƙare.

Ka duba agogon na'urorin ma, domin saɓanin da ya wuce minti 5 yana hana shiga. Sannan ka ƙara gargaɗi na daban mai amfani da klist -s, wanda ke duba ko tikitin yana aiki, ta yadda idan saƙo ya zo cikin dare za ka san ko tikiti ne ko sabar kafin ka buɗe kwamfuta.